Audugar mata ma kayan karatu ce: kira daga Gadarif

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani al'amari da yake raba 'ya'yanmu mata da makaranta a nan Sudan, al'amarin da kowace uwa ta san shi, kowace malama ta san shi, amma da wuya a ji an ambace shi a taron iyaye da malamai, balle a zauren da maza suke yanke shawara. Ina nufin rashin abin da yarinya za ta kintsa jikinta da shi idan jinin al'ada ya zo mata, wato audugar mata, sabulu, ruwa da banɗaki mai ƙofa. Ni malama ce a wata makarantar 'yan mata a Gadarif, kuma da yawa daga cikin ɗalibaina 'ya'yan Hausawa ne, wasu haifaffun garin, wasu kuma yaƙi ne ya koro iyayensu daga Khartoum, Wad Madani, Sinja da Mai Wurno.

Mai karatu na Nijeriya da Nijar ya san labarin yaƙin nan daga rediyo, amma ya kamata ya san yadda ya shafi aji. Tun da faɗa ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF aka rufe makarantu a kusan ko'ina, har hukumar UNICEF ta bayyana a watan Oktoba na shekarar cewa yara miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a ƙasar. Gine-ginen makarantu da yawa sun koma masaukin 'yan gudun hijira, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disamba 2023 da ta Sinja a ƙarshen Yuni 2024. Jarrabawar kammala sakandare ta 2023 ba a samu zana ta ba sai ƙarshen Disamba 2024. Mu Hausawa kuwa tun kafin haka mun ɗanɗana gudun hijira, domin rikicin ƙabilanci na garuruwan Damazin da Rosairis na Yuli 2022 ya riga ya tarwatsa gidaje da dama, ta yadda akwai yarinyar da ta bar gida sau biyu cikin shekara biyu. Sakamakon duk wannan shi ne, yarinyar da ta bar aji tana da shekara goma sha ɗaya ta dawo tana da sha uku ko sha huɗu. Ta tafi tana yarinya, ta dawo ta balaga, kuma babu wanda ya shirya wa wannan canji komai: an nemo alli, an gyara benci, an share azuzuwa, amma ba a tambayi yadda ɗaruruwan 'yan mata za su wuni a makaranta a kwanakin al'adarsu ba.

Rajistar aji ba ta ɓoye wannan. Malamar da ta ɗauki rajista da lura za ta ga sunan yarinya mai ƙwazo, wadda ba ta latti, ba ta wasa da aikin gida, amma kowane wata sai an yi mata alamar rashin zuwa kwana uku ko huɗu a jere, kuma idan aka lissafa tazarar sai a ga kusan mako huɗu ne tsakanin wannan fashi da wancan. Idan ta dawo aka tambaye ta, amsar ba ta wuce ciwon kai ko zazzaɓi ko an aike ta. Kwana uku a wata, cikin wata takwas na karatu, kwana ashirin da huɗu ke nan, kusan wata guda cur na darasi. A lissafi da kimiyya, inda darasin yau yake zaune a kan na jiya, wannan giɓi ya isa ya mayar da yarinya mai fahimta ta zama mai jin cewa ita ba ta da kan karatu. Na kuma ga waɗanda suke daurewa su zo. Za ka gane su da zaman da suke yi a bencin ƙarshe, da ƙin tashi idan aka kira su gaban allo, da yadda idan aka buga ƙararrawar tashi suke zama daram har sai kowa ya fita, sannan su miƙe a hankali, su duba benci, su ɗaure mayafi a ƙugu. Yarinyar da hankalinta yake kan bayan rigarta tun safe har azahar ba ta ji komai daga abin da aka koyar ba, ko da an rubuta ta a cikin waɗanda suka halarta.

Dalilin farko kuɗi ne, kuma ba a buƙatar dogon bayani a kansa. Kafin yaƙi dala ɗaya ba ta kai fam 700 na Sudan ba, amma a cikin 2024 ta haura fam 2,000 a kasuwa. Yawancin masana'antun ƙasar da manyan ɗakunan ajiyar 'yan kasuwa suna Khartoum da Bahri ne, inda yaƙi ya fi ɓarna, don haka kaya suka koma zuwa ta hanya mai nisa da tsada. Magidancin da yake aikin ƙodago a gonakin riɗi da dawa na Gadarif, wanda aikinsa na kaka ne kawai, idan yana da mata da 'ya'ya mata uku da suka balaga, to kowane wata yana bukatar ƙunshi huɗu zuwa takwas. Idan aka ajiye wannan a gefe ɗaya, aka ajiye garin asida da gawayi a ɗaya gefen, kowa ya san wanda za a saya, kuma ban ga laifinsa ba.

Abin da ya rage wa yarinya shi ne ƙunzugu na tsumma. Iyayenmu da kakanninmu da shi suka rayu, kuma tsumma mai tsabta da aka wanke da sabulu aka shanya a rana ba shi da aibi. Matsalar tana ga sharuɗɗan nan uku, sabulu da ruwa da rana, waɗanda duka suka yi wuya a yanzu. Na shiga wani aji da aka mayar masauki, inda iyalai da dama suke kwana, zani da buhu ne kawai suka raba tsakaninsu, maza da samari suna kai da kawowa a tsakar makarantar dare da rana. A irin wannan wuri yarinya ba za ta iya shanya ƙunzugunta a igiya ba. Tana wanke shi da dare da ɗan ruwan da ta rage a buta, ta matse, ta tura shi ƙarƙashin tabarma ko cikin jaka, da safe ta mayar da shi jikinta da danshinsa. Daga nan ƙaiƙayi da kumburi da ciwon mafitsara suke farawa, kuma ba za ta faɗa wa kowa ba sai abin ya ci ƙarfinta. Wadda ta samu auduga guda kuwa takan wuni da ita har dare, alhali ma'aikatan lafiya suna cewa a canza bayan awa huɗu zuwa shida.

To ko da an ba ta auduga, a ina za ta canza? Wannan ita ce tambayar da masu rabon kayan agaji suke yawan tsallakewa. Banɗakin makarantu da yawa rami ne da aka kewaye da kwano, ƙofar ta ɓalle ko babu sakata, babu ruwa a ciki, babu wurin zubar da abin da aka cire, sannan bayan dubban 'yan gudun hijira sun yi amfani da shi tsawon watanni ya cika ya lalace. Ga kuma kwalara da aka ayyana ɓullarta a Agusta 2024, wadda ta yi tsanani a Kassala da Gadarif, ta ƙara nuna mana halin da ruwanmu yake ciki. Wannan ba matsalarmu ba ce mu kaɗai. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a Mayu 2024 ya nuna cewa a duniya makarantu biyu ne kawai cikin biyar suke koyar da ɗalibai abin da ya shafi al'ada, kuma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan makaranta ɗaya ce cikin goma take da kwandon zubar da auduga a banɗakin 'yan mata. Akwai kuma wani abu da ya shafe mu musamman: yawancin matanmu ba sa yarda su jefar da auduga da jini a jikinta, sai sun wanke ta tukuna, wasu don tsabta, wasu don tsoron kada a yi musu asiri da ita. Duk wanda zai gina banɗakin 'yan mata a unguwanninmu bai sa famfo ko randa a cikinsa ba, to ya gina abin da ba za a shiga ba.

Ba na so in wuce gona da iri in ce auduga kaɗai za ta cika azuzuwa. Binciken da aka yi a wurare daban-daban bai ba da amsa iri ɗaya ba. Wanda Emily Oster da Rebecca Thornton suka yi a Nepal, aka buga a 2011, ya gano cewa abin da 'yan matan can suke rasawa saboda al'ada bai kai kwana ɗaya a shekara ba. Wanda masu bincike na Jami'ar Oxford suka yi a gundumar Kamuli ta Uganda, aka buga a 2016, a kan 'yan mata fiye da dubu a makarantu takwas, ya nuna cewa halarta ta fi faɗuwa ƙwarai a makarantun da ba a yi musu komai ba, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne, waɗanda aka yi wa bayani kawai a kan balaga sun amfana kusan kamar waɗanda aka ba auduga. Wannan ya yi daidai da abin da nake gani. Rabin nauyin da yarinya take ɗauke da shi rashin kaya ne, ɗaya rabin kuma tsoro ne da rashin sani, da fargabar a yi mata dariya. A gundumar Bomet ta Kenya, a Satumba 2019, wata ɗaliba 'yar shekara 14 ta kashe kanta bayan da aka ruwaito cewa an kunyata ta a aji saboda jini ya ɓata mata tufafi. Mu malamai ya kamata wannan labari ya hana mu barci, domin kalma ɗaya daga bakinmu a gaban aji tana iya zama ranar ƙarshe da yarinya za ta taka makaranta.

A nan ne nake so in tsaya sosai, saboda shirun da muke yi muna jingina shi ga addini da kunya, alhali addinin bai yi shiru ba. Lokacin da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ga al'ada a hanyar aikin Hajji tana kuka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mata wannan abu ne da Allah Ya rubuta wa 'ya'yan Adamu mata. Da ya ce ta miƙo masa abin salla daga masallaci ta ce tana haila, sai ya ce mata hailarta ba a hannunta take ba. Ita kuma Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini. Kowane almajiri da ya karanta Ahalari ya wuce ta babin haila, ya haddace cewa iyakarta ga wadda ta fara kwana goma sha biyar ne. Mazhabarmu ta Malikiyya ta halatta wa mai haila karatun Alƙur'ani, ta kuma yi wa ɗaliba sauƙin taɓa allonta, don kada karatunta ya yanke. Malaman da suka gabata sun damu da kada yarinya ta yi fashin darasi na kwanaki kaɗan, har suka nema mata mafita a shari'a. Yaya mu za mu zuba ido tana fashin wata guda a shekara saboda rashin auduga da sabulu?

Kuma mu da kakanninmu suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin da ake kira da sunansa a bakin Kogin Shuɗin Nilu, mun gaji wani abu a kan wannan batu. Shehu Usmanu ya yi kakkausar suka ga malaman da suke koyar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna koyar da mata tsarki da salla da zamantakewa a cikin harshen da suke ji. Ƙasar da muke zaune a cikinta ma tana da nata tarihin, tun daga makarantar 'yan mata da Babikir Badri ya buɗe a Rufa'a a 1907 har zuwa Jami'ar Ahfad ta mata a Omdurman. Abin da nake roƙon limamanmu da malaman zaure shi ne, idan suka iso babin haila kada su tsaya ga ƙirga kwanaki da hukuncin wanka kawai, su ƙara wa magidanta jimla guda: abin da mace take bukata a waɗannan kwanaki yana cikin ciyarwar da ta wajaba a kansu, daidai da abinci da sutura.

Akan ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma gaskiya ne cewa uwa da yaya da inna su ne za su zauna da yarinya su yi mata bayani. Amma kuɗin cefane a hannun namiji yake a mafi yawan gidajenmu, kuma yarinyar Hausa za ta gwammace ta yi mako a ɗaki da ta buɗe baki ta ce wa mahaifinta, “Baba, a ba ni kuɗin auduga.” Ba sai an yi maganar baki da baki ba. Ya isa uba ya ware wani abu kowane wata ya damƙa wa uwar ɗaki, ya ce na yaran nan ne, ita ta san sauran. Ina faɗin haka ne saboda na san inda fashin nan yake ƙarewa. Yarinya ta faɗi jarrabawa, uba ya ga kuɗin makaranta yana tafiya a banza, mai neman aure ya zo, shi ke nan. Binciken ƙasa na 2014 ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan matan Sudan ana aurar da su kafin su cika shekara 18, tun kafin yaƙi da yunwa su ƙara matsa wa iyaye. Aure alheri ne, amma yarinyar da aka cire daga aji saboda an zaci ta kasa, alhali ƙyalle da sabulu ta rasa, an zalunce ta, an kuma hana unguwarmu ungozoma ko malamar da muke nema ruwa a jallo.

Gwamnatoci da dama sun riga sun yarda cewa wannan aikinsu ne. Kenya ta cire haraji daga audugar mata tun 2004, kuma a 2017 ta yi dokar da ta wajabta wa gwamnati raba ta kyauta ga 'yan matan makarantun gwamnati. Indiya ta cire nata harajin a 2018, Afirka ta Kudu da Ruwanda a 2019, Nijeriya ta yafe harajin VAT ga wadda aka ƙera a cikin gida a dokar kuɗi ta 2019, Sikotland kuma ta yi dokar bayar da ita kyauta ga duk mai bukata a 2020. Hukumomin Sudan za su iya cire duk wani haraji da kuɗin kwastan da ake ɗora wa wannan kaya a Port Sudan da kan iyakoki, kuma ma'aikatun ilimi na jihohi za su iya sanya ƙofa, sakata da ruwa a banɗakin 'yan mata cikin sharuɗɗan sake buɗe kowace makaranta. Diwanin Zakka, wato ofishin zakka na gwamnatin Sudan, wanda yake karɓar zakkar amfanin gona mai yawa a wannan jiha tamu, yana da hurumin ware wani kaso, domin waɗannan yara fakirai ne kuma 'yan gudun hijira ne.

Sai dai ƙasar da take cikin yaƙi ba a jiran ta, kuma jakar kayan tsabta da hukumomi irin su UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya suke rabawa, duk da amfaninta, tana ƙarewa, al'ada kuwa tana dawowa kowane wata. Yaƙin nan ya nuna mana abin da unguwa za ta iya yi da kanta: matasan ɗakunan agajin gaggawa da matan da suke girki a takiya, wato wuraren dafa abincin sadaka na unguwa, sun ciyar da dubban mutane da kuɗin karo-karo. Muna da teloli mata a kowace unguwa, muna da adashi, kuma muna zaune a ƙasar da kakanninmu suka tsinci auduga a gonakin Jazira tun bayan gina madatsar ruwan Sennar a 1925. Ƙunzugun zamani da ake wankewa ba ya gagarar mai keken ɗinki: yadin auduga mai laushi ninki uku ko huɗu, leda mai taushi a ƙasa don hana yoyo, da maɓalli a fikafikai biyu. Idan aka ba yarinya guda biyar ko shida, da sabulu, da 'yar jakar da za ta saka wanda ta cire har ta koma gida, za su kai ta shekara. Ya kamata a zaɓi yadi mai duhu a ɗinka shi yadda idan an buɗe zai yi kama da hankici, don ta iya shanya shi a rana ba tare da kowa ya gane ba. Inda kuma ruwa ya yi ƙaranci sosai, kamar sansanoni, kada a tilasta wannan, a nemi audugar da ake yarwa bayan an yi amfani da ita. A makarantarmu mun ajiye akwati a ofishin malamai mata, da auduga, da siket biyu na canji, da maganin ciwon mara, muka gaya wa yara sunan malamar da za su je wurinta ba tare da neman izini a gaban aji ba. Kuɗinsa daga aljihunmu yake fitowa, mu da albashinmu ya daɗe ba ya zuwa a kan kari, shi ya sa yakan ƙare kafin tsakiyar wata.

Ina kira ga 'yan uwanmu da suke Makka, Madina da Jidda, waɗanda tun farkon yaƙin nan suke turo wa dangi taimako ta manhajar tura kuɗi ta Bankak, Allah Ya saka musu da alheri, da su riƙa ambata wa uwar gida cewa wani abu a cikin kuɗin na 'yan mata ne, kuma ƙungiyoyinsu su ɗauki nauyin akwati irin wannan a makaranta guda ta garin da suka fito, ta hannun kwamitin iyaye da malamai. Ku kuma, ya Edita, ina roƙon idan wakilanku suka je ɗaukar rahoto a kan buɗe makarantu, a nan ko a Maiduguri ko a Diffa, su nemi a nuna musu banɗakin 'yan mata, su tambayi shugabar makaranta abin da ake yi wa yarinyar da al'ada ta zo mata a tsakiyar darasi, su buga amsar. Ranar 28 ga Mayu ta kowace shekara an ware ta a duniya domin wannan batu, kuma zan so in ga jaridarmu ta ba shi shafi guda a ranar, da muryar malamai mata da ungozomomi da malaman fiƙihu.

Wassalam.

Malamar makarantar 'yan mata,
Gadarif, Sudan